HUKUNCIN KWAFAR AIKIN WANI DA RARRABA SHI: NASIHA GA SAMARIN MUSULMI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta mana ciniki, ya haramta mana zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi Musulmi, an rubuta wannan 'yar takarda ne a kan wata mas'ala wadda ta shiga aljihun kowannenmu, amma ba safai ake jin ta a kan mumbari ba. Ɗauko wayar nan taka ka duba. Littafi nawa ne a ciki? Karatun malamai nawa? Manhaja nawa? To, a cikinsu nawa ne ka saya da kuɗinka, nawa ne mai su ya ce ya yafe wa kowa, nawa ne kuma wani ya turo maka ka karɓa ba ka ko tambayi inda ya samo ba? Saurayin da zai ga naira ɗari a ƙasa cikin masallaci ya tashi yana cigiyar mai ita, shi ne zai kwafe littafin da wani bawan Allah ya yi shekara biyar yana rubutawa, ya watsa wa mutum ɗari biyu kafin ya gama shan shayi, kuma ko a jikinsa. In ka yi masa magana ya ce, ai ilmi na Allah ne.

ILMI NA ALLAH NE, WAHALA FA?

Maganar gaskiya ce, ba mu musa ba. Babu wanda ya mallaki hukuncin alwala, babu wanda ya mallaki ilmin rabon gado ko lissafi ko likitanci. Allah ya tsine wa masu ɓoye abin da ya saukar na hujjoji da shiriya, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 159. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda aka tambaye shi wani ilmi ya ɓoye, za a sa masa linzamin wuta ranar alƙiyama. Wannan duka haka yake.

Amma ka tsaya ka bambance abu biyu. Akwai ilmi, akwai kuma aikin da mutum ya yi a kan ilmin. Ruwan sama na Allah ne, amma ba ka taɓa tare mai ga-ruwa ka ƙwace jarkarsa ka ce ruwa na Allah ne ba. Abin da kake biya kuɗin turin kura ne da gumin goshi. Haka mai littafi: ya hana idonsa barci, ya tattaro, ya tace, ya fassara, ya gyara, wataƙila ya ci bashi ya kai maɗaba'a. Wanda ya buga littafi ya kai kasuwa bai ɓoye ilmi ba, bayyana shi ya yi. Sa masa farashi ba ɓoyewa ba ne, in ba haka ba da duk masu sayar da littattafai na Kasuwar Kurmi sun shiga ƙarƙashin tsinuwa, kuma babu malamin da ya taɓa faɗin haka.

Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas ƙissar sahabin da ya yi wa wanda kunama ko maciji ya sara tofi da Fatiha, aka ba shi tumaki, Manzon Allah (S.A.W.) kuma ya tabbatar masa da halaccin abin da ya karɓa, ya nuna cewa Littafin Allah ne ya fi cancantar a karɓi lada a kansa. Ya kuma aurar wa wani mutum mace a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. Mafi yawan malamai, ciki har da namu na Malikiyya, sun tafi a kan cewa amfanin abu shi ma dukiya ne, ba sai abin da ake taɓawa da hannu ba. Shi ya sa kake biyan kuɗin haya alhali ba ka tafi da ko bulo ɗaya na gidan ba.

Za ka ce, to, me ya sa ba mu ga babin wannan a Risala ko Askari ba? Dalili a fili yake. A zamanin da, wanda yake son littafi sai ya zauna da tawada da alƙalami ya yi wata da watanni yana kwafa, ko ya biya marubuci ya kwafa masa. Kwafa ita kanta wahala ce, mawallafi kuma ba ya asarar komai, sai ma murna yake yi littafinsa ya yaɗu. Da injin ɗab'i ya zo sai al'amari ya sauya, domin mutum ɗaya yana iya buga dubbai ya kwashe riba, mai aikin ya tashi a tutar babu. A Ingila aka fara kafa dokar haƙƙin mawallafi a shekarar 1710, ta shekara 14 ce kawai ana iya sabuntawa. A 1886 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Ban ta ƙasar Suwizalan don kare wa juna wannan haƙƙi. Sai kaset ya zo, sai na'urar hoton takarda, sai faifan CD. A 1999 wani saurayi ɗan makaranta a Amurka ya fito da manhajar Napster, miliyoyin mutane suka shiga musayar waƙoƙi ta intanet kyauta, har kotu ta sa aka rufe ta a 2001. Yau kuwa ko intanet ba ka bukata, waya ta matsa kusa da waya, shi ke nan.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE

Tunda mas'ala ce sabuwa, dole a samu saɓani, kuma amana ce mu faɗa maka. Akwai malaman da suka ƙi yarda da wannan haƙƙi, kamar Mufti Muhammad Shafi na Pakistan, bisa hujjar cewa wanda ya sayi littafi ya mallake shi, yana da ikon yin abin da ya so da shi. Amma mafi yawan malaman zamani sun tabbatar da shi, har da ɗansa Shaihu Muhammad Taƙi Usmani. Shaihu Bakar Abu Zaid ya yi dogon bincike a kai cikin Fiƙhun Nawazil. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwaiti cikin watan Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, masu su suna iya sayar da su, kuma ba ya halatta a yi musu ta'adi. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya, ƙarƙashin Shaihu Abdul'aziz bn Baz, shi ma ya ce ba ya halatta a kwafi manhajar da masu ita suka hana sai da izninsu.

Wannan shi ne abin da muke gani ya fi ƙarfi. Allah ya umarce mu da cika alkawura a farkon Suratul Ma'ida, ya hana mu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna a Suratun Nisa'i aya ta 29, sai dai ta ciniki bisa yardar juna. Hadisi kuma ya zo a Abu Dawuda cewa Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ƙulla. Littafin da aka rubuta a bangonsa cewa ba a yarda a sake bugawa ba sai da izni, kai kuma ka gani ka saya, to ka shiga sharaɗi. Manhajar da ka danna mata “na yarda” kafin ta buɗe, ka ɗauki alkawari, ko ka karanta ko ba ka karanta ba.

Sai dai kada wani ya wuce gona da iri. Wannan ba ita ce satar da ake yanke hannu a kanta ba, domin ba a ɗauke kaya daga ma'ajiyarsu ba, asalin abin yana nan a hannun mai shi. Ta'adi ne a kan haƙƙi, hukuncinsa yana wurin alƙali gwargwadon ɓarnar da aka yi. Kuma laifin hawa-hawa ne. Ɗalibin da ya ɗauki hoton shafi goma don bitar jarrabawa ba ɗaya yake da wanda ya kai littafin mutane maɗaba'a a ɓoye ya buga dubu biyar a kan takarda mai araha ba. Shaihu Ibn Usaimin ya yi sauƙi ga wanda ya kwafa don amfanin kansa kaɗai, matuƙar mai abin bai fito ƙarara ya hana har da wannan ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ita ma ta bar ƙofa ga karatun kai da binciken da ba na kasuwanci ba. Aron littafi halal ne, sayar da tsohon littafinka halal ne, ɗauko magana daga littafi ka ambaci mai ita halal ne.

Haƙƙin kuma ba na har abada ba ne. A dokar Nijeriya yana faɗuwa bayan shekara 70 da rasuwar mawallafi. Saboda haka Muwaɗɗa da Ahalari da Ishmawi da littattafan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo na al'umma ne baki ɗaya, babu mai hana ka. Abin da ya rage shi ne aikin wanda ya yi tahaƙiƙi ko sharhi ko fassara a wannan zamani, shi nasa yana nan.

Yanzu bari mu zo kan uzurorin da muke ji a majalisa. Wani ya ce, ai ban rage masa komai ba, nasa yana hannunsa. Haba malam! Wanda ya buga kwafi dubu da bashin mutane, aka watsa littafin a waya tun kafin ya sayar da ɗari, me ya rage masa? Tulin takarda a ɗaki gara tana ci. Gobe ba zai sake rubutawa ba, kuma mu ne da asara, mu da muke kukan ƙarancin littattafan Sunna da Hausa. Wani kuma ya ce, ai kamfanin na kafirai ne, dukiyarsu ganima ce. Subhanallahi! Wa ya naɗa ka sarkin yaƙi? Fatawar kwamitin da muka ambata ta faɗa a fili cewa haƙƙin kafirin da ba a yaƙi da shi abin kiyayewa ne kamar na Musulmi. Malaman tarihi sun kawo cewa da Manzon Allah (S.A.W.) zai yi hijira, sai ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa Ƙuraishawa ajiyarsu, alhali a daren nan suna kewaye da gidansa da takubba. Kai da me ka fi shi kishin addini?

Kai kuma ɗan'uwa mai shagon turi, wanda ke zaune da kwamfuta yana cika wa mutane memori, sana'arka ba haramun ba ce a kan kanta, abin da kake turawa shi ne abin dubawa. In fim ne na batsa ko waƙar banza, ba ma maganar haƙƙin mallaka ake yi ba, ko mai shi ya yafe maka zunubin yaɗa alfasha yana wuyanka, da kamasho daga zunubin duk wanda ya kalla. In kuwa abu ne na halal wanda masu shi suka hana, ka je ka daidaita da su ka biya, sa'annan ka tura.

WAƘAFI DA ABIN DA YA YI KAMA DA SHI

To, mene ne mafita ga talaka mai son karatu? A nan ne muke son ka buɗe kunnenka da kyau, domin akwai wata hanya wadda addininmu ya riga kowa zuwa gare ta, amma mun bar wasu suna aiki da irinta.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sami gona a Haibara, ya zo yana neman shawarar Annabi (S.A.W.), sai ya nuna masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Umar ya yi haka, bisa sharaɗin ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Wannan shi ne waƙafi. Malaman fiƙihu kuma suka ce sharaɗin mai waƙafi wajibi ne a bi shi matuƙar bai saɓa wa shari'a ba.

A Amurka an yi wani masanin kwamfuta mai suna Richard Stallman, a jami'ar MIT. Na'urar buga takardu ta wurin aikinsu tana yawan cijewa, ya nemi asalin rubutun manhajarta don ya gyara, aka hana shi. Abin ya tsaya masa a rai. A 1983 ya yi shelar zai gina manhaja wadda kowa yake da 'yancin amfani da ita, da nazarinta, da gyara ta, da rarraba ta, ya sa wa aikin suna GNU. Amma ya hango wata matsala: in ya sake ta haka kawai ba sharaɗi, wani ɗan kasuwa zai ɗauka ya ƙara mata ɗan abu ya kulle, ya ce tasa ce. Sai ya yi dabara. Ya riƙe haƙƙin mallakarsa, ya yi amfani da shi ya kafa sharaɗi, a cikin lasisin da ake kira GPL wanda ya fito a 1989: ka kwafa, ka gyara, ka raba, amma duk wanda ka ba wa sai ka ba shi da irin 'yancin da ka samu, har da asalin rubutun gyaran da ka yi. Sunan haƙƙin mallaka da Turanci yana ƙarewa da kalmar da ke nufin dama, sai suka juya ta hagu, suka kira nasu tsarin kofilef. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, daga baya ya sa ta ƙarƙashin wannan lasisi. In wayarka Android ce, to a kan Linux ɗin nan aka gina ta, kana cin amfaninta kullum ba ka sani ba. A 2001 aka kafa ƙungiyar Creative Commons, ta shirya irin waɗannan lasisi don littattafai da hotuna da sauti. Mai aiki yana zaɓar sharaɗinsa: a ambaci sunansa, ko kada a yi kasuwanci da shi, ko kada a sauya komai, ko duk abin da aka gina a kansa a sake shi kamar yadda aka same shi. Wikipedia, har da ta Hausa, a kan irin wannan take tafiya.

Ba muna cewa wannan waƙafi ne na shari'a sak ba. Waƙafi ibada ce, sai da niyyar neman yardar Allah, shi kuwa Stallman ba ya da'awar wani addini, kuma ba aƙidarsa muke yabo ba. Sa'annan lasisin GPL bai hana a sayar da kwafi ba, kullewa ya hana. Amma dubi hikimar, a tsare asali kada wani ya mallake, a saki amfani ga kowa. Ashe ba abin kunya ba ne a ce wanda ba ya fatan lada a lahira ya yi wannan, mu da aka gaya mana cewa ilmin da ake amfana da shi yana cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, kamar yadda Muslim ya ruwaito, mu ne muke zaune muna jiran na wani mu fasa? Kai da ka iya kwamfuta, me ya hana ka rubuta manhajar rabon gado ko ta lokutan salla ka sake ta? Kai da ka iya Larabci, me ya hana ka fassara ɗan littafi cikin na magabata ka rubuta a kansa cewa kowa ya buga ya raba? Kuma kafin ka nemi fasasshiyar manhaja, ka bincika, sau da yawa akwai ta halal kyauta mai yin aikin, kamar LibreOffice ga mai rubutu da lissafi, da Maktaba Shamila ga ɗalibin ilmi.

Muna kuma kira ga malamai da masu ɗaukar karatu, su riƙa bayyana matsayinsu a fili. Yawancin malaman Sunna tun zamanin kaset burinsu a yaɗa wa'azinsu, irin wannan tura shi lada ne, ka tura iyakar ƙarfinka. Wanda Allah ya hore masa, ya saki. Wanda kuma da littafin yake ci da iyalinsa, babu laifi ya riƙe haƙƙinsa, amma ya sassauta farashi. Magadan da suka kulle littafin mahaifinsu a akwati, ba su buga ba kuma ba su bari a buga ba, su ji tsoron Allah, domin su ne suka fi kusa da ayar ɓoye ilmi.

Sharaɗi kuwa kaifi biyu gare shi. Yadda ya hau kan mai kwafar abin da aka hana, haka ya hau kan mai sayar da abin da aka yi waƙafinsa. Maɗaba'ar Sarki Fahad da ke Madina, wadda aka buɗe a 1984, tana raba Alƙur'ani kyauta, ciki har da tarjamar Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Allah ya ji ƙansa, kuma kwafin rabo yana ɗauke da sanarwar cewa ba na sayarwa ba ne. Duk da haka sai ka gan shi a shimfiɗe a bakin masallaci an sa masa kuɗi. Wanda aka damƙa wa katan-katan ya raba wa Musulmi ya karkatar da su kasuwa, ya ci amanar mai waƙafi, ya kuma ci haƙƙin talakan da aka yi domin shi.

SUNAN MAI MAGANA

Akwai haƙƙi guda wanda ko mai abu ya yafe kuɗi shi ba ya faɗuwa, shi ne jingina magana ga mai ita. Wannan al'umma da isnadi aka san ta. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 bayan hijira, har littafi ya rubuta a kan bambancin mawallafi da ɓarawo, saboda wani ya kwashe aikinsa bai ambace shi ba. Allah ya zargi masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba a Suratu Ali Imrana aya ta 188, Annabi (S.A.W.) kuma ya kamanta mai taƙama da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. To, ina wanda ke kwafo rubutun wani ya goge sunan ya liƙa nasa a Facebook don a ce masa malam? Ina ɗalibin da ke miƙa kundin binciken wani ya karɓi takardar shaida, ya ci albashi da ita har ya yi ritaya?

Mafi muni shi ne yanke karatun malami. A ɗauki karatun sa'a biyu a ciro daƙiƙa ɗaya, wurin da malam yake kawo maganar ɓata don ya rushe ta, a yanke rushewar a watsa, a ce ku ji abin da wane ya faɗa. Wannan ƙage ne, kuma wanda ya tura bai bincika ba yana da kasonsa, domin Suratul Hujurati aya ta 6 ta umarce mu da tabbatar da labari kafin mu cuci mutane cikin jahilci. In za ka tura karatu, ka tura shi cikakke, da sunan malamin da littafin da ake karantawa.

Wanda ya riga ya afka cikin waɗannan abubuwa, ƙofar tuba a buɗe take, sai dai haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Buhari ya ruwaito umarnin Annabi (S.A.W.) cewa wanda ya san ya zalunci ɗan'uwansa ya nemi warwarewa tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, sai dai a biya da kyawawan ayyuka. In ka yi kasuwanci da aikin wani, ka neme shi ku daidaita. In amfanin kanka ka yi, ka sayi na halal in kana da hali, ko ka nemi ya yafe maka, da yawansu saƙo ɗaya ya ishe su. In ya rasu, magadansa suna nan. In ka nema iyakar iyawarka ba ka same su ba, ka ƙiyasta kuɗin ka yi sadaka da shi a madadinsa.

Allah ne Mafi sani. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.